Hoton Kelepi Cikin Tabarmar Makoki

Penisimani ya riƙe kyamarar Luseane da yatsu biyu, kamar wanda ya ciro mataccen ɓera daga bayan kabad. Ya murɗe gilashin bakinta, ya ɗaga shi saitin taga, ya taɓe baki.

"Fumfuna," ya ce. "Ku matso ku gani. Ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo. Ƙanwata, a ina kike ajiye wannan? A banɗaki?"

"A cikin robar shinkafa," in ji Luseane, idonta a ƙasa. "An ce shinkafa tana shanye danshi."

Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Su goma sha biyar ne a ƙungiyar masu hoto, suna haɗuwa kowace Asabar da yamma a wani ɗaki da ke saman shagon faci a Nuku'alofa, babban birnin tsibirinsu. Penisimani ne shugaba, don ya yi shekara goma sha ɗaya a Sidni ta Ostareliya, ya dawo da jaka cike da gilasan kyamara da kuma sabon suna. Ben yake so a kira shi. Ya hura wa gilashin iskar bakinsa, ya goge da gefen rigarsa da gumi ya jiƙa, ya miƙa mata. Warin albasar da ya ci da rana ya biyo gilashin har hannunta. Ta karɓa, ta ce ta gode.

Ba ta da bakin cewa komai. Saura mako uku a yi baje kolin hotuna na shekara a zauren wani otal na bakin teku. Hoto goma bangon ke ɗauka, Ben ya riga ya zaɓi tara. Duk wanda hotonsa ya hau bangon nan, shi ake kira ɗaukar bikin aure da na kammala makaranta. Luseane shekararta biyar tana naɗe burodi a takarda a gidan burodin unguwarsu, kuma tana son wannan gurbi na goma kamar ranta.

Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba. Tsohuwar kyamara ce da wani ɗan'uwanta ya bari da zai koma Okland, can ƙasar waje, da gilashi ɗaya tal, da sanda mai ƙafa uku wadda ta ɗaure ƙafarta guda da zaren kamun kifi. Sai wani allon azurfa irin wanda ake shimfiɗa wa gilashin mota saboda rana, da shi take mayar da haske kan fuskar mutum. Amma ta san wurare. Ta san farin bangon cocinsu da ƙarfe huɗu na yamma, ta san shingen jan fure na bayan makaranta, ta san inuwar wata tsohuwar bishiyar mangwaro inda fatar kowa ke fitowa sumul.

Ben ya shiga latsa hotunanta ɗaya bayan ɗaya da dogon farcen ƙaramin yatsansa, wanda da shi kuma yake sosa kunne.

"Murmushi. Murmushi. Fure a kunne. Murmushi. Ke kalanda kike haɗa wa kantin kayan masarufi? Mutanen da za su zo otal ɗin nan sun gaji da ganin haƙora. Gaskiya suke so." Sai ya tsaya cak. "Wannan wane ne?"

"Babana ne, Kelepi. Yana gyaran ragar kamun kifi."

"To ga fuska! Dubi goshin nan, kamar gonar da ta shekara ba ruwa. Wannan tsohon kika bari a gida kina bin 'yan mata da fure?" Ya matso da allon kyamarar dab da hancinsa. "Yana da tabarmar makoki, wadda ake ɗaurawa a jiki in an yi rasuwa? Babbar nan nake nufi, yagaggiya, mai haurawa har ƙeya."

Luseane ta ɗago kai karo na farko. "Ai babu wanda ya mutu."

"Wa ya ce a kashe wani? Hoto ne. Baƙaƙen kaya, yagaggiyar tabarma, wuri kuma ni na san shi. Ki kawo min wannan, gurbin naki ne. In ba za ki iya ba, ga Sitiveni can da hotunan faɗuwar rana guda ɗari uku yana jira."

Da mahaifiyarta tana gida, da maganar ta mutu tun a bakin ƙofa. Amma tana Ostareliya aikin tsinkar lemo, sai bayan wata huɗu za ta dawo. Kwana uku Luseane tana juya zancen a baki ta kasa furtawa. Ranar Laraba, Kelepi na zaune a bayan gida yana cin rogo da soyayyen kifi, ta durƙusa gefensa ta faɗa da sauri, don kada ta fasa.

Ya daina tauna.

"Luse, kin san abin da kike cewa kuwa? In ƙaramar ta'ovala, tabarmar nan ta zuwa coci, kike so, yanzu ma sai in ɗaura ta a ƙugu. Amma waccan, ban taɓa shiga cikinta ba sai ranar da ubana ya faɗi, kuma ba zan sake ba sai don 'yar'uwata. Ubana shekara shida ke nan yana kwance a kabari. 'Yar'uwa kuwa ɗaya gare ni a duniya."

Gwaggo Siutiti ke nan, yayarsa. Ita ta raɗa wa Luseane suna. Kifin da ya fi kowanne girma a kwalekwalen Kelepi gidanta ake kai wa kafin a taɓa sauran. Duk da furfurarsa, bai taɓa zama a kujera tana cikin ɗaki ba, bai taɓa ɗaga murya inda za ta ji ba. Makonta biyu kacal da fitowa daga asibiti, ciwon suga ya so ya tafi da ƙafarta.

"Babu wanda zai gani, Baba. Da sassafe ne, can bayan tsohon juji. Minti goma."

"To in an rataye a otal fa? Makafi za a gayyata?"

"Ben ya ce za a rubuta a ƙasa cewa shiri ne kawai, ba rasuwa ba."

"Ben," in ji Kelepi, ya tofar da ƙayar kifi. "Penisimani dai. Na san shi tun yana yawo ba wando yana satar mangwaron faston mu."

Ba ta yi gardama ba. Hawaye ne kawai suka zubo. Ba ita ta kira su ba, amma da ta ga suna aiki sai ta ƙi sharewa, ta kuma ji ƙyamar kanta a kan haka. Kelepi bai taɓa iya kallon kukanta ba. Ya ture kwanon, ya wanke hannu.

"Minti goma," ya ce.

Ita ta jawo tabarmar daga ƙarƙashin gado. Tana warware ta kyankyasai suka watse ta ko'ina, ɗaya ya hau hannunta har gwiwa. Ƙwayayensu sun jeru a cikin saƙar. Tabarmar ta yi baƙi, ta yage a wuri goma, tana warin danshi da tsohon hayaƙi, kuma har yanzu akwai farin yashin kabarin kakanta a lungunanta. Ta kakkaɓe ta a waje tana kau da kai.

Ranar Juma'a, gari na wayewa, Ben ya zo da motarsa. Ya ce tabarmar a but za ta shiga, kada ta ɓata masa kujera. Suka bi titin bakin teku har kwalta ta ƙare, suka wuce gidajen kwano da aka ɗora a kan bulo saboda ruwa, suka tsaya inda itatuwan fadama suka fara, masu saiwoyi a waje kamar ƙafar kaza.

Tun kafin a buɗe ƙofa ɗoyin ya shigo. Teku ta janye, ta bar baƙar laka shimfiɗe har inda ido ya tsaya, tare da duk abin da garin ya zubar a makon. Ledoji sun rataye a saiwoyi kamar an yi shanya. Ƙunzugun jarirai sun kumbura sun fashe. Ga gwangwanayen nama masu tsatsa, ga rabin firji, ga kan kifi ƙudaje sun rufe shi har ba a ganin idonsa. Can gefe wani kare ya mutu ya kumbura suntum, ƙafafunsa huɗu a sama, aladu biyu suna zagaya shi suna shawara.

"Kin gani?" in ji Ben, ya toshe hanci da hankici. "Wannan shi ne wuri. Babu wanda ya taɓa ɗauka a nan. Ni na gano shi."

Ya haye wata tsohuwar tayar babbar mota, ya tsaya a kai da farin takalminsa. Tasa kyamarar ko fito da ita bai yi ba, wai iskar gishiri tana cin ƙarfe.

Luseane ta taya mahaifinta naɗa tabarmar a kan baƙaƙen kayansa, ta ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa. Tabarmar ta haura kafaɗunsa ta tsaya a bayan kansa. Bai dube ta ba.

"Dattijo, can ciki," in ji Ben daga kan taya. "Gaba. Ƙara gaba dai. Sai lakar ta kai ƙwauri."

Kelepi ya shiga. Duk inda ya taka sai lakar ta yi gyatsa, ta saki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Luseane ta bi shi da sanda a kafaɗa. Taku na huɗu silifanta na dama ya nutse, ta ja ƙafa ta fito ba shi. Taku na gaba ta sauka kan wani abu mai laushi da ɗumi, ya fashe a tsakanin yatsunta. Ba ta duba ba. Amai ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye, ta kafa sandar, ta jingina allon azurfa a jikin rabin firjin.

"Kada ya yi murmushi fa!" Ben ya ɗaga murya ta cikin hankici. "Dattijo, ka tuna wani naka. Kai, ka ɗauka ma yau ɗin nan aka yi rasuwar."

Kelepi ya yi masa kallo ɗaya, sannan ya juya wajen teku. A hankali fuskarsa ta sauka, leɓensa na ƙasa ya soma rawa. Luseane ta san wadda yake tunani, don mutum ɗaya ce wannan tabarmar take jira.

A daidai nan rana ta ɓullo ta bayan itatuwa. Luseane ta sa ido a kyamara, sai duk ƙazantar ta ɓace. Ledojin da ke bayansa suka narke suka zama ɗigo-ɗigon haske kamar zinariya. Yagaggun bakunan tabarmar suka kama rana kamar wuta ta taɓa su. Fumfunar da aka yi mata dariya a kai ta sa wani ɗan hazo ya kewaye kansa. Idonsa ya cika da ruwa bai zubo ba. Ta danna. Ta sake. Ta danna na uku, ta kuma san tun da ta fara riƙe kyamara ba ta taɓa yin abu kamarsa ba. Daɗi ya ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafar da ke cikin abin da ba ta son sani.

Da ta ɗago don gyara allon, ta hango mata uku can nesa a kan laka suna tsintar katantanwar teku. Ɗaya ta miƙe, ta kare ido da hannu, ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye bokitinta ta nufi gidaje da sauri. Luseane ta gani sarai. Ta buɗe baki za ta ce Baba, cire, sai ta ga hasken bai tafi ba tukuna. Ta mayar da ido kan kyamara ta ƙara biyu.

A mota Ben ya kalli na ukun ya yi fito. Suna isa gida Kelepi ya wanke ƙafa a famfo, ya canza kaya, ya wuce bakin ruwa wajen kwalekwalensa. Luseane ta goge ƙafarta da sabulu sau uku, ta sa jar rigar aiki, ta tafi gidan burodi.

Wajen ƙarfe goma wata mata cikin baƙaƙen kaya ta sayi burodi ashirin. Ba a jima ba wani mutum ya zo ya ɗebi talatin.

"An yi babban rashi a wani gida," in ji mai gidan burodin, ta leƙa baya ta ce a ƙara kwaɓi.

Ta uku da ta shigo Toakase ce, mai waƙa a cocin su Gwaggo, tabarma a ƙugu, ido ya yi jawur. Tana ganin Luseane ta dafe ƙirji.

"Ke! Me kike yi a nan da jar riga? Gwaggonki na kwance ke kina naɗe burodi? 'Ya'yan yanzu ba ku da zuciya ne?"

"Wace Gwaggo?"

"Guda nawa gare ki? Da idona na ga babanki da safe a bakin fadama, tabarma har ƙeya, yana tsaye cikin laka yana kuka, abin tausayi. Ko bokitina ban ɗauka ba. Na kira shugabar mata, na kira 'yata a Okland ta gaya wa 'ya'yan marigayiya. Ashe ƙafar nan ba ta bar ta ba."

Burodin da ke hannun Luseane ya faɗi. Ta fita a guje da rigar aiki. Tun tana gudu tana ce wa kanta ƙarya ne, kuskure ne, har wani tunani ya shige ta: in kuma sun kira mutuwar ta amsa fa?

Tun daga kwana ta hango baƙi ya cika ƙofar gidan. Wata a-kori-kura tana tsaye da alade ɗaure a baya. Mata sun zube a kan ciyawa da naɗaɗɗun tabarmi a cinya. Maza sun kafa ƙarafan rumfa rabi sun tsaya, kowa na kallon ƙasa. A baranda kuwa, cikin kujerarta mai hannu, ga Gwaggo Siutiti da riga mai manyan furanni, ƙafarta mai bandeji a kan kifaffen bokiti, waya a kunne.

"E, ni ce," take cewa. "Ni ce gawar. Daina kukan nan, kina kashe min kunne. Ki ce wa yayanki ya fasa tikitin. In ya saya kuma ya zo, dama shekara huɗu bai ga ta mai rai ba."

Ta kashe, wayar ta sake ƙara, ta kife ta a cinya.

Luseane ta ratsa cikin mutane a sunkuye, ta zube a ƙasan matakala. Toakase ta shigo bayanta tana haki, ta ga wadda ke kan kujera, ta ƙwalla ƙara ta zauna daɓas.

"Sannu, Toakase," in ji Gwaggo. "An ce ke kika binne ni. Waƙa nawa kuka shirya?"

"Siutiti, na rantse da idona na ga Kelepi cikin tabarma!"

"Ni ce, Gwaggo." Luseane ce ta amsa. "Ni na sa shi. Hoto na ɗauka. Na baje koli."

Aladen da ke cikin mota ya saki kuka.

"Hoto," in ji Gwaggo. "Matso." Luseane ta ja gwiwa ta hau matakala ɗaya. Gwaggo ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska. "Wannan wane irin wari ne a jikinki? A ina aka yi hoton?"

"A bayan tsohon juji."

"A juji." Ta juya ga taron. "Kun ji ko? Ba kashe ni kaɗai aka yi ba. A juji aka yi makokina, tsakanin aladu da kashin jarirai. Ni da na wanke yaron nan Kelepi da hannuna, na goya shi uwarmu na gona. Ni da na ba wannan suna." Ta nuna Luseane da leɓe. "Ko a bakin coci ba a iya kashe ni ba."

An riga an aika bakin ruwa. Ba a daɗe ba Kelepi ya iso, wandonsa a jiƙe. Bai shigo ba. Ya zauna a ƙasa a wajen ƙofar shinge, cikin rana, ya harɗe ƙafa ya sunkuyar da kai.

"Ni na ɗaura," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Babu wanda ya ɗaura min. Yarinya ba ta da laifi."

Gwaggo ba ta ko waiwaya wajensa ba. Da taron take magana.

"Ku gaya wa ƙanena, mutanen nan sun bar aikinsu sun zo saboda shi, ba za su koma da yunwa ba. Wanda ya kawo alade ya mayar da abinsa, ban mutu ba balle in ci. Akwai wani babba a bayan gidan Kelepi."

Shi ne aladen da Kelepi ya shekara biyu yana kiwo don ranar dawowar matarsa. Kafin azahar an kawo shi, an yanka, an babbake. Aka ƙarasa kafa rumfar, tunda an riga an fara. Luseane ta yini tana zagawa da butar shayi da yankakken burodi, tana durƙusa wa masu makokin matar da ke zaune a baranda tana cin gwanda.

"Mai hoto, ni yaushe za ki kashe ni?" in ji wani tsoho, ya miƙo kofi. "Ki bari dai sai bayan Kirsimeti."

"Ni ki ɗauki mijina," wata ta ce. "Ko zan ga yadda zai yi in na tafi."

Ana dariya, ana tauna, mai yana gangarowa a haɓa. Warin gashin aladen da aka babbake ya haɗu da na lakar da ta ƙi barin hancinta, ta zaga bayan tankin ruwa ta yi aman da ta haɗiye tun safe. Da ta dawo ta dubi ƙofar shinge. Mahaifinta yana nan inda yake. An kai masa abinci bai taɓa ba, ƙudaje ne ke ci. Sai da rana ta kusa faɗuwa Gwaggo ta ce wa wata mata, "Ki ce wa mutumin can ya tashi, yana tare min hanya." Ya miƙe da kyar, yana dafa shinge, ƙafafunsa sun sage.

Washegari da hantsi Luseane tana bayan gida, ta shimfiɗa tabarmar a kan ciyawa tana wanke lakar da tiyo, sai ga motar Ben. Ya fito yana dariya tun daga titi.

"Ƙanwata! Ke kin san abin da kika samu kuwa? Duk tsibirin nan zancenki ake yi. Har daga Sidni an kira ni." Ya tsallake ruwan da ke gangarowa, ya tsaya nesa da tabarmar. "Na ƙara masa girma a raina, tsakiyar bango zai hau. Suna kalma ɗaya: Makoki. Ba wani rubutu a ƙasa, rubutu yana kashe hoto. Kowa zai zo ya ga tsohon da ya binne yayarsa da ranta. Kawo katin kyamarar."

Ta dubi hannun da ya miƙo, da dogon farcen, da abin da ke ƙarƙashinsa.

"Ka ce za a rubuta shiri ne."

"Wancan da ne. Yanzu ai kowa ya sani. Kawo, mai wankin hoto yana rufewa sha biyu."

"Babana ya yini a rana jiya."

"To ai shi ya sa! Wahalarsa ta tafi a banza? Haba, kada ki zama baƙauya. Duk babban hoto sai an taka wani."

Tiyon yana zuba a kan ƙafarta. Ta tuna bangon otal ɗin, fari tas, da ƙananan fitilun da ke haska kowane hoto, da ɗan katin da ake rubuta sunan mai shi.

"A'a," ta ce.

"Me?"

"Ba zan bayar ba."

Ben ya tsaya yana kallonta kamar ita ce warin. "To shi ke nan. Gurbin na Sitiveni ne. Kuma kada ki wahalar da kanki hawa matakalarmu da yamma. Ki koma wa furanninki." Ya juya, ya taka ruwan lakar da farin takalminsa, ya yi tsaki, ya ja mota.

Ba ta san Kelepi yana tsaye a ƙofar kicin ba sai da ya yi gyaran murya. Tun jiya bai yi mata magana ba. Fatar ƙeyarsa ta ƙone, tana saɓa.

"Ɗauko in gani," ya ce.

Ta kashe famfo, ta goge hannu, ta ɗauko kyamarar, ta nemo masa na ukun. Ya riƙe ta nesa da fuska yadda yake riƙe littafin waƙoƙin coci. Ya daɗe yana kallo.

"Kin iya," ya ce. "Abin da ya fi ci min rai ke nan." Ya miƙo mata. "Ranar tana zuwa, Luse, ko ba jima ko ba daɗe. Haka zan tsaya. Ba na son in san akwai shi a cikin gidan nan tun yanzu."

Hotunan guda biyar ne. Ta goge na farko, ta goge na biyu. A kan na uku yatsanta ya tsaya. Ko yanzu, a ɗan ƙaramin allon nan, cikin rana, hoton yana da kyau, kuma har yanzu wani ɓangare na zuciyarta yana jin daɗinsa. Wannan ɗin ne ya tayar mata da hankali fiye da duk abin da ta taka jiya. Ta danna. Ta goge sauran biyun ba tare da ta kalle su ba.

Kelepi ya gyaɗa kai, ya ɗauki ragarsa ya fita.

Ta ajiye kyamarar a kan taga, ta koma ta buɗe famfo. Ta kama bakin tabarmar ta juya ta ɗaya gefen. Ruwan da ke fita daga cikinta har yanzu baƙi ne.